Gilashin da Na Je Nema Rogo

Shekarar da na cika arba'in da tara, damina ta same ni da wani irin rashin sukuni da ban san kansa ba. Ni malamin gona ne, a Karaye nake zaune da iyalina, aikina kuwa yawo ne a kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan, ina duba masara da gyaɗa, ina faɗa wa manoma abin da galibinsu sun riga ni sani. Aikin bai canza ba, gidan bai canza ba, amma in na zauna sai in ji kamar ana kirana a wani wuri. In na je wurin kuma in ƙagu in dawo. Wata rana matata ta dube ni ta ce, "Malam, wai tabarmar nan ƙaya gare ta ne?" Na yi dariya na miƙe na fita, ban ma san inda za ni ba.

Ana cikin haka Baffana, ƙanen mahaifina da ke Tudun Kaya, ya aiko in je. Ɗakin da mahaifina ya zauna har ya rasu ya fara yoyo, da aka fitar da kayan ciki sai aka ci karo da wata adaka da kowa ya manta da ita. A ciki akwai tsofaffin takardu, don mahaifina ne ya yi wa dagacin garinmu rubutu shekara da shekaru. Akwai wata hula da asu ya cinye. Can ƙasa kuma, naɗe cikin tsohon rawani, ga kyamararsa.

"Kai ne mai yawo," in ji Baffa. "Ɗauki abinka. In ta zauna nan yara za su mai da ita mota."

Na san ta tun ina ƙarami, amma ban taɓa riƙe ta ba, don ba a barinmu. Ƙarfe ce zalla, mai nauyi, baƙar fatar jikinta ta fara ɗagowa a gefe. Ba ruwanta da batir. Na ja ɗan kunnen da ke jan fim, na danna maɓalli, ta ce ƙas, kamar jiya aka ajiye ta. Gilashin gabanta ne ya mutu. Da na ɗaga shi sama na duba, sai na ga wasu fararen zare sun yi saƙa a ciki kamar ta gizo-gizo, zoben da ake murɗawa kuwa ya kafe, ko motsi ba ya yi.

Ba don Gwaggo ba, da goge ta zan yi in ɗora a kan kwaba, shi ke nan. Gwaggo yayar mahaifina ce. An kai ta aure Beli ta ƙasar Rogo tun kafin a haife ni, can ta haihu, can ta tsufa, can mijinta ya rasu ya bar ta. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta kama sunana, Babana take ce mini. Ranar wata Asabar na hau babur na je gaishe ta, na same ta a bakin ɗakinta tana zagar zogale a faifai. Bayan mun gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ruwa a wajenmu, sai na ba ta labarin adakar. Ta tsayar da hannunta.

"Akwatin hoton ubanka? Ashe yana nan."

Ta ce sau ɗaya ya taɓa ɗaukarta, shekarar da ta haifi 'yarta ta biyu. Katin ya daɗe a ƙasan kwanonta, har gara ta shiga ɗakin ta cinye rabinsa, kuma daidai fuskar ta cinye. Tun daga nan ba ta sake tsayawa gaban mai hoto ba in ban da na katin zaɓe, wanda ta ce ba ita ba ce, wata tsohuwa ce mai fushi. Jikokinta kan ɗaga waya, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na ce, "Gwaggo, ai wayata ma tana ɗauka, kuma ana iya fitar miki da shi a kati."

"Abin da ake ɗaukar akuya da shi a kai wa dillali? A'a, Babana. In dai na ubanka ne, gyara shi ka zo ka ɗauke ni, kafin a zo a ɗauke ni."

Ta yi dariyarta ta ci gaba da zogalenta. Ni ban yi ba. Tun a kan babur, a hanyar dawowa, rashin sukunin nan nawa ya sami abin kamawa.

Na zaga shagunan hoto na Karaye, duk samari ne da kwamfuta. Ɗayansu ya karɓi kyamarar ya juya ta yana neman inda ake kallon hoton a baya. Na shiga karance-karance a waya, duk inuwar da na tsaya sai na buɗe. Wannan ya ce gilashi kaza ne sarki, wancan ya ce wanda ya sayi kaza bai san hoto ba. Ban ƙaru da komai ba sai ruɗani. A ƙarshe wani tela da muke sallah tare ya ce mini akwai wani dattijo a Rogo, shi ya ɗauki hoton aurensa, yana nan da ransa, in je in same shi.

Shagonsa na kusa da tasha, ɗan ƙarami, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da taki. Dattijon dogo ne siriri, da tabarau mai kauri ɗaure da zare ta ƙeya. Hoton fasfo kawai yake yi yanzu da wata 'yar na'ura, sai manna wa takardu leda. A bango ga labulen da ake tsayawa gabansa a da, an zana bene da jirgin sama, duk ya koɗe.

"Baba, barka da aiki. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Malam. Daga ina?"

Na faɗa masa, na miƙa masa kyamarar. Ya buɗe bayanta, ya ɗaga ta wajen ƙofa, ya yi ta dannawa yana saurare da kunne kamar mai sayen kankana. Ya tambaye ni ta wace ce, na faɗi sunan mahaifina da garinmu. Ya yi ɗan tunani ya ce bai tuna shi ba.

"Jikin lafiya lau yake," ya ce. "Gilashin ne ya tafi. Fumfuna ce, ta ci shi har ciki, ba ya gyaruwa. Wa za ka ɗauka?"

"Gwaggota. Tsohuwa ce, a Beli."

"To mai lamba hamsin kake so, irin wanda ya mutu. Shi ne yake gani yadda mutum yake gani. Wanda bai kai shi lamba ba yana kwaso gida duka ya tura shi nesa, in mutum ya matso kuma ya kumbura masa hanci. Wanda ya fi shi yana jawo na nesa, sai ka yi ta ja da baya har ka fita zaure kafin tsohuwar ta shiga ciki."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani babban gwangwanin biskit. A ciki akwai gawayi ƙulle a tsumma, ya ce shi ke shanye danshi, da gilasai uku, kowanne cikin safa. Na farko bai ma shiga ba. Bakinsa na murɗawa ne kamar murfin kwalba, bakin kyamarata kuwa na ƙulli ne, a ɗan juya ya kama. Saura biyu. Ɗaya babba ne, mai faɗin ido, mai nauyi kamar dutsen guga, gilashinsa ya ɗan yi rawaya kamar ruwan shayin da ba a bari ya dahu ba. Baba ya ce wannan mai shan haske ne, ko a ɗaki mai duhu yana gani. Ɗayan ƙarami ne, mara nauyi, bakinsa ya ɗan lotsa, ga wani siririn tabo a gilashin gaba.

Tun kafin in gwada raina ya tafi kan babban. Ya ɗaura mini, na sa ido a 'yar tagar leƙe, na nuna wa ƙofa, na murɗa zobe dama, na murɗa hagu. Abubuwa na zuwa kamar za su fito, sai su koma dishi-dishi. Na ce wataƙila hasken shagon ne.

"Tafi da shi gida ka gwada a nitse," in ji shi. "Ba gudu zai yi ba."

A gida na tsayar da matata a bakin madafa. Na murɗa, na matsa, na ja baya, na durƙusa. Fuskarta ta ƙi tsayawa. Ta gaji ta ce, "Malam, tuwona zai kama." Kwana huɗu ina fama, na goge gilashin da gefen rigata har na ji tsoron kada in ƙara masa tabo. Na yanke cewa rawayar nan ce ta lalata shi. Na ɗauki hanyar Rogo, kuma duk wanda ya bi hanyar nan da babur a cikin marka ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Na isa da taɓo har gwiwa.

"Baba, wannan ya tsufa. Hazo ne a ciki."

Ya dube ni ta saman tabarau. Bai yi musu ba, ya cire ya ɗaura mini ƙaramin.

Shi ma haka. Na rataya kyamarar a wuya ina zuwa aiki da ita. Na tuna ranar da wani manomi a Unguwar Hajji ya kai ni gonarsa in ga tsutsar da ke cin zuciyar masararsa. Muna tsaye sai na hango wata kuka a ƙarshen gonar, na ɗaga kyamara na shiga murɗe-murɗe. Mutumin ya yi haƙuri, ya yi haƙuri, sannan ya ce, "Malam, ai tsutsar a nan ƙasa take." Kunya ta kama ni, amma ko a lokacin rabin hankalina na kan tabon nan na gaban gilashi, na tabbata shi ne ke ɓata komai.

A makon ne aka bugo mini waya cewa Gwaggo ta kwanta zazzaɓi. Na je na same ta ta rame, tana shan kunu da ƙyar. Ba ta yi maganar hoto ba, ni ma ban yi ba, amma maganarta ta ranar zogale ta hana ni zama. Daga Beli ban nufi gida ba, na zarce cikin Rogo.

"Baba, duk biyun ba su da kyau. Ko dai madubin cikin akwatin ne ya goce. Ko akwai wani wurin da zan nema, ko Kano, ko Zariya?"

Ina magana ina tsaye, na ƙi zama. Ya karɓi kyamarar da ƙaramin gilashin a jikinta, ya fito bakin shago. A tsallaken titi akwai wata babbar mota ana sauke mata buhuna. Ya sa ido, ya ɗan taɓa zoben da yatsa biyu, ko daƙiƙa uku bai yi ba, ya miƙo mini.

"Kada ka taɓa komai. Leƙa ka karanta mini abin da aka rubuta a goshin motar can."

Na leƙa. Na ga ja, na ga kore, na ga alamar rubutu. Na sauke kyamarar na dubi motar da idona, ga rubutu nan raɗau.

"Ka gani ko?" na ce. "Da ido ina gani, ta ciki ba na gani."

Ya miƙa hannu cikin jakata da ke rataye a babur, ya zaro wata kwalbar maganin feshi, ya nuna mini ƙananan rubutun bayanta.

"Malamin gona, karanta mini, murfi nawa ake zubawa a tanki?"

Na karɓa. Na ɗan nesanta ta. Na ƙara nesantawa. Na juya wajen rana.

"Saura kaɗan hannun ya gaza maka," in ji shi. Mai gyaran rediyo, da ashe yana jinmu, ya fashe da dariya.

Baba ya ce, "Abin da kake gani a tagar nan ba motar ba ce, Malam. Hotonta ne a kan wani ɗan gilashi a cikin akwatin, nan kusa da kai. Idon da ya fara gudun takarda shi ma zai guje shi. Gilasaina lafiyarsu ƙalau. Tun zuwanka na farko na gani, na ce bari ka gano da kanka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce idona lafiya lau, ni da nake hango zomo a ƙarshen gona. Na cire masa gilashinsa na ajiye a tebur, na tayar da babur ko sallamar kirki ban yi ba. Har yau in na tuna sai in ji nauyi, dattijo sa'an ubana.

Ban yi nisa ba hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Na fake a wata rumfa a bakin hanya tare da wasu masu rake. Ina zaune ruwa na zuba, na sake zaro kwalbar nan a ɓoye. Na kasa karantawa. Nan na zauna na faɗa wa kaina gaskiya. Ya fi shekara ban karanta bayan kwalba ba. Tsofaffin magunguna na haddace awonsu, sababbi kuwa sai in miƙa wa manomi ko ɗansa in ce ya karanta da ƙarfi, wai don su koya. Na tuna sau nawa na sa hannu a takardar ofis ban ga abin da ke ƙasa ba. Sanyin ruwan daban, wanda ya kama ni daban.

Da na isa gida na faɗa wa matata, ina jiran ta yi mamaki. Ta ci gaba da ninke kaya.

"Ai na daɗe da sani. Tun da ka ajiye ƙaramin Alƙur'aninka ka koma ɗaukar mai manyan baƙi."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa. Ka ce ƙwan ɗakin ne ba shi da haske, har ka sayo wani."

Bayan kwana uku na shiga mota zuwa Kano, asibitin ido. Aka sa ni karanta allo, aka yi ta canza mini gilasai ana tambaya, wannan ko wancan. Aka ba ni tabarau mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na kusa. Ashe ganin nesan ma da nake taƙama da shi ya ɗan ragu. Mako guda ina tuntuɓe a dokin ƙofa, ƙasa na tasowa tana tarye ni. Amma na ga zaren da ke jikin rigata, na ga furfurar da ta fito wa matata a gefen kunne, wadda ban san da ita ba.

Na koma Rogo da goro a leda. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara, ranar nan na yi rashin hankali."

Ya dubi tabarauna, ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare. "Ni da aka faɗa mini, wata shida na yi ban gaida mutumin ba. Zauna."

Ya fito da gwangwani. A wannan karon da na leƙa na murɗa zobe, sai ƙofar shagon mai taki ta taho a hankali ta tsaya cak, har ƙusoshin jikinta. Na yi kabbara ban sani ba. Sai dai ganin bai kawo mini sauƙi ba, don yanzu ne ma zaɓen ya fara.

Ya koya mini yadda ake duba tsohon gilashi. A cire shi, a haska tocila ta baya, a duba ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan ba komai, in ji shi, duk wanda ya shekara arba'in yana da ita. Tabon gaba ma ba ya fita a hoto, na baya ne abin tsoro. Sannan ya nuna mini wasu 'yan faranta na ƙarfe a ciki, masu tsukewa da buɗewa don rage haske ko ƙara shi. Ya taɓa wani ɗan tsinke a gindin ƙaramin, suka tsuke suka buɗe fit, kamar ƙiftawar ido. Na babban kuwa mai ya malalo musu, sai su tsuke su dawo a hankali kamar wanda aka tasa daga barci. Zobensa ma da tauri, sai an sa ƙarfi.

Duk na gani, amma raina ya ƙi sakin babban. In aka buɗe shi duka aka nuna wa mutum, sai mutumin ya fito shi kaɗai, duk abin da ke bayansa ya narke. Na nuna wa mai gyaran rediyo, ya fito kamar wani hakimi. Na ɗaura wannan, na cire, na ɗaura wancan. Na fita titi, na dawo. Aka kira azahar muka je muka yi, na dawo na ci gaba. Mutum biyu suka zo hoton fasfo suka tafi. Har inuwar shagon ta tsallaka kwata ina nan, gilashi ɗaya a kowane hannu.

"A ina za ka ɗauke ta?" in ji Baba.

"A tsakar gida."

"Da rana ko da magariba?"

"Da rana."

"Da me kake yawo?"

"Babur."

"To me za ka yi da mai shan haske a tsakar gidan Beli da rana tsaka? Kuma shi in ka buɗe shi, hanci ya fito kunne ya ɓace. Sai gwani. Kai kuwa idonka sabo, hannunka sabo."

Na ce haka ne, amma bari in sake gwada shi sau ɗaya. Ya miƙo hannu na ba shi, ina tsammanin ɗaura mini zai yi. Sai ya zura shi cikin safarsa, ya sa a gwangwani, ya danne murfi da tafin hannu.

"Na fasa sayar da wannan. Ga naka nan."

Haka muka daidaita a kan ƙaramin. Na fito ina jin kamar an ƙwace mini wani abu, kuma ina jin kamar an sauke mini kaya.

Fim ya zama wani aikin. Baba ba shi da ko ɗaya. Wani abokina da muka yi makaranta tare, yana zaune a Kano, ya yi ta cigiya har ya samo mini guda ɗaya mai launi, mai ɗaukar ashirin da huɗu, wanda kwanansa ya ɗan wuce, ya ba direba ya kawo. Baba ne ya zura mini shi, ya kuma rubuta mini a bayan kwalin sabulu, da manyan baƙi, lambar da zan sa in rana ce da wadda zan sa in inuwa ce.

Kafin duk wannan ya haɗu kaka ta yi, an fara cirar gyaɗa, Gwaggo kuma Allah ya ba ta lafiya. Na je da hantsi. Ta shige ɗaki ta fi awa guda, ta fito da atamfar da ban taɓa gani ba, da kwalli, da mayafi mai ƙamshin adaka. Matan gidan suka fito suka yi cirko-cirko. Aka ajiye mata kujera a tsakar gida, ta zauna ta ɗora hannu a gwiwa, ta haɗe rai kamar mai jiran hukunci.

"Gwaggo, ɗan saki fuska."

"Yi abin da ya kawo ka."

Gumi na zubo mini, tabarau na zamewa, yana karo da bayan kyamara. Ina duba kwalin sabulu, ina murɗa zobe. Babu inda zan duba in ga abin da na yi, sai dai in ja kunne in sake. Da na ɗauki goma ta ce ya isa haka, ta cire mayafin ta koma kan tabarma wajen gyaɗar da ake ɓarewa. A nan na ƙarasa sauran, tana faɗa da kaji, tana yi wa surukarta gyara.

Daga nan sai jira. A Kano abokina bai sami mai wanke irin wannan fim ba, sai Legas aka aika da shi. Mako biyar. Kullum sai na buga masa waya, har ya fara cewa yana cikin taro. Wata rana in tabbatar wa kaina ban zura fim ɗin daidai ba, ko da yake ba ni na zura ba. Wata rana in ce ya ɓace a hanya. Gyaɗa ta shiga buhu, aka fara yankan dawa, sannan hotunan suka iso a cikin ambulan.

A tasha na buɗe ta, a tsaye. Biyar sun ƙone, haske ya shiga ta wani gefe. Launin duka ya ɗan karkata zuwa kore. Waɗansu sun girgiza. Amma akwai huɗu da na daɗe ina kallo, musamman ɗaya da take kan kujera, komai ya fito, har zaren bakin mayafi da ɗigon kwallin da ya zarce.

Washegari na kai mata. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta fito da su haske. Na sa wanda nake alfahari da shi a sama. Ta kawo shi kusa da fuska, ta daɗe.

"Gilashin nan naka ba shi da kunya, Babana. Duk wani tamoji sai da ya ƙirga."

Ta ajiye shi gefe. Ta wuce na kaji, ta wuce na surukarta tana dariya. Sai ta zo kan wani da na so in cire tun a tasha na manta. A cikinsa hannuna ya zarce, saitin ya wuce ta ya sauka a kan rumbun da ke bayanta. Ita ta fito dishi-dishi, rumbun kuwa raɗau. Ta sa ɗan yatsa a kansa.

"Ka ga nan? Mijina ne ya yaɓe shi da kansa, daminar da zai rasu. Ga sawun yatsunsa nan. Kullum ina wuce shi ban taɓa lura ba."

"Gwaggo, wannan kuskure ne. Fuskarki ba ta fito ba."

"Na san fuskata."

Ta tashi ta shiga ɗaki da shi. Na ji ƙarar kwanoni, ta fito hannu wofi. Ta tattara sauran ta miƙo mini, ta ce mai tamojin in kai wa yara su san sun yi kaka. Sannan ta sa aka ɗebo mini gyaɗa a ɗan buhu, ta ce in kama hanya tun da sauran rana.

Ina ɗaure buhun a bayan babur sai ga wata tsohuwa ta leƙo ta kan danga, maƙwabciyarta, tare aka kawo su garin suna amare. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta tsaya tana murza bakin zane.

Gwaggo ta ce, "Kunya take ji. So take in an gama roron wake ka dawo da akwatin. Ta ce ita ma tana da atamfa."

Na ce to, in Allah ya kai mu, sai dai fim ne ke da wuyar samu. Tsohuwar ta ce ba ta gaggawa. Na ja igiyar na ƙara ɗaurewa, na gyara tabarau, na tura babur zuwa zaure.